Ruwan da ya dawo muna sallar magariba

Wata Alhamis ce a watan Yuni, shekarar gasar cin kofin duniya, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, muka isa wani ɗan tsibiri a arewa da Doha, da niyyar kwana ɗaya. Mota muka bari a gaɓa, muka tsallaka da ƙafa ta busasshiyar hanya. Mu uku ne: ni, da abokina likita da ke zaune a Al Wukair, da wani dattijo direba da muke kira Kawu, wanda ke raba ɗaki da mutum biyar a Fereej Abdel Aziz. Likitan ne ya kawo shawarar. Ya ce shekara biyu yana shaƙar numfashinsa cikin takunkumi, iska yake so ko da mai zafi ce.

Kawu ɗan masunta ne, a bakin kogi ya tashi, can wajen Yauri. A Doha ba abin da ake tambayarsa sai hanya. Shi ya sa tun a mota ya ce batun ruwa a bar masa, kuma na lura har zamansa ya sauya da ya faɗi haka.

Ya zaɓa mana wani fili mai laushi, mai ɗan danshi. Ruwa na can nesa, iyakar gani.

Likita ya ce, "Kawu, ƙasar nan fa da lema."

"Ita ce sanyin, ɗana. Ruwan da ya janye da rani, sai damina. Kai dai riƙe allurarka."

Na tuna an taɓa koya mana a makaranta yadda watan sama ke jan ruwan teku, ya janye ya dawo kullum. Na dubi fuskar Kawu, na fasa faɗa. Muka kafa tanti.

Kawu ne ya ja mu sallar magariba. A raka'a ta biyu na ji sanyi a gwiwa. A ta uku goshina ya sauka cikin ruwan gishiri. Kawu bai ƙara sauri ba, bai rage komai ba. Da ya sallame, takalmin likita ɗaya ya riga ya kama hanya, tukunyar shinkafa kuma tana lilo a bakin tanti.

"To fa, Sarkin Ruwa, damina ta sauka!" in ji likita, yana dariya yana jan tabarma.

Kawu bai yi dariya ba. Ya taya mu kwashe kaya zuwa tudu, ya ɗauki mafi nauyi, sannan ya koma gefe. Ko shayi da biredi bai taɓa ba. Likita ya gane ya wuce gona da iri, amma bai san ta inda zai gyara ba.

Da gari ya waye muka tarar da shi a bakin ruwa, ya kafa tsinke shida a jere cikin yashi, tsakanin kowanne taku biyu. Da agogonsa yake aunawa.

Likita ya tsuguna kusa da shi. "Kawu, yaushe za mu iya tsallakawa zuwa mota? Ni wallahi ban sani ba."

Gaskiya ya faɗa. Hanyar da muka bi ta nutse, kuma da azahar yake da aiki.

Kawu ya dubi tsinkayen, ya dubi agogonsa.

"Wannan ba kogi ba ne, numfashi yake yi. Yanzu ya fara fitarwa. Ƙarfe tara ku naɗe wando zuwa ƙwauri, ku biyo sawuna."

Tara da minti goma muka tsallaka, ruwa bai kai gwiwa ba. A mota Kawu ya cinye biredin da ya ƙi jiya, ya kuma yi wa likita faɗa a kan tuƙi har Lusail.

Da zafi ya ragu Kawu ya riƙa komawa can duk ranar hutunsa, shi kaɗai, da ƙugiya.