Kaset ɗin Malama Saratu

Ranar wata Asabar bayan la'asar, a shekarar da nake aji huɗu na firamare, ana saura mako guda a fara dashen albasa, na tsaya a ƙofar zauren gidanmu da kaset a aljihun wandona. Baba na zaune a kan tabarma da rediyonsa mai cin kaset a gefe, shi da abokan hirarsa biyu, yana ɗaure ƙotar fartanya. Kwana uku kafin nan ya riga ya yanke magana: da an fara dashe, na gama da makaranta, in bi shi fadama ban ruwa. Bai faɗa da zafi ba. Yana wanke hannu bayan tuwo ya ce, "Shekara huɗu kana tahiya kana dawowa, Nasiru, ban ga mi kak koyo ba." Kuma Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya magana sau biyu.

Gaskiya ban ga laifinsa ba. Ni yaro ne shiru-shiru, irin wanda in an tambaye shi abin da aka yi a makaranta sai ya ce "karatu", ya tsuke baki. Na dawo, na kai wa tumaki harawa, na ɗebo wa Inna ruwa, na tafi langa da yara a bayan masallaci, shi ke nan. Makaranta kuwa tana aiko da takardu, amma a ƙauyenmu da ke tsakanin Aliero da Jega, masu karanta boko a lokacin ba su cika tafin hannu ba. Baba yana karanta Alƙur'ani, yana rubutun ajami mai kyau, don haka yana ganin girman duk abin da aka rubuta. Takarda ta zo, sai ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ta a hankali, ya soke ta a rufin zaure don kada a taka. Can suka taru shekara huɗu, sun yi ja da hayaƙi, ba wanda ya san abin da ke cikinsu.

Malamarmu ta aji huɗu, Malama Saratu, mutuniyar ƙasar Zuru ce, Kirista, gajera mai saurin tafiya, da Hausar da ta fi tamu zaƙi. Wata safiya ta sayi ƙosai a bakin makaranta, tana buɗewa sai ga rubutun hannunta ya jiƙe da mai: takardar da ta zauna ta rubuta wa iyaye ce aka naɗe mata ƙosan a ciki. Mun ɗauka ranar bulala za ta yi aiki. Ina! Sai ta tsaya tana dariya har da hawaye. Mako na zagayowa ta shigo aji rungume da rikoda, ta ajiye a kan tebur, ta ce tunda iyayenmu ba sa rabuwa da rediyo ko a gona, to ta rediyo za ta riƙa yi musu magana.

Daga nan kowace Juma'a da safe muka koma gidan rediyo. Ta danna jan maɓalli, ta yi sallama kamar masu labarai, ta faɗi abin da muka koya a makon, wa ya yi ƙoƙari, wa ya yi fashi, ranar da za a share fili, ranar da za a zo rigakafi. Sai ta kira yara uku ko huɗu, wani ya yi karatu, wani lissafi, wata ta yi waƙa. Kaset ɗin ya bi gida-gida, ta kuma roƙi duk mai magana ya juya bayan kaset ɗin ya ɗauki muryarsa ya aiko. Ranar farko da ta mayar mana da abin da aka ɗauka, aji ya yi tsit, har kukan akuyar maƙwabta muna ji. Muryoyinmu ne, mu ɗin nan masu ƙafa da faso, suke fitowa daga inda manyan duniya ke magana! Wani yaro ya leƙa bayan rikodar don ya ga ta ina aka shiga. Ni dai tsigar jikina ce ta tashi, kuma har yau in na tuna sai ta tashi.

Ban taɓa yarda an ɗauke ni ba, kullum ina laɓe a bencin baya. Amma a makon nan ta ga na zauna ban fita hutun tara ba, ta matsa mini har na faɗa mata maganar Baba. Ba ta ce za ta je ta roƙe shi ba. Cewa ta yi in rubuta mata yadda Babana yake noman albasa, tun daga iri har cira. Na rubuta shafi guda. Ranar Juma'a ta tsayar da ni gaban rikoda, na karanta. Da aka tashi ta sa kaset ɗin a hannuna ta ce gidanmu ne farko.

To shi ne na tsaya a ƙofar zaure ranar Asabar ɗin. Na durƙusa na miƙa kaset ɗin, Baba ya juya shi gaba da baya, ya sa a rediyo. Malama ta yi sallama, ta yi bayaninta, sannan ta ce, "Yanzu ga Nasiru ɗan Malam Umaru." Sai ga ni. Muryar siririya ce, tana rawa da farko, daga baya ta miƙe, tana faɗin yadda ake yafa iri, yadda ake tsara fangali, yadda ake dasawa da yatsa. Fartanyar ta zame daga hannun Baba. Ya dubi rediyo, ya dube ni, ya sake duban rediyo. Ɗaya daga abokansa ya ce, "Ikon Allah! Wanga shiru-shirun ne?" Baba ya jawo rediyon kusa. Ya mayar da kaset baya ya sake ji, har sau uku. A na ukun, daidai inda na ce ana ba albasa ruwa har ranar da za a cire ta, ya ɗaga yatsa ya ce, "Nan ya yi kure." Ya ce kowa ya ba shi wuri, ya juya kaset, ya sa ni nuna masa jan maɓallin, ya kore ni.

Ranar Litinin na ɗauki kaset zuwa makaranta ban san abin da ke bayansa ba, kuma a raina makon bankwana na shiga. Malama ta sa shi a gaban kowa. Aka ji gyaran murya, aka ji zakaranmu ya yi cara, sai ga Baba, a cikin ajinmu, mutumin da bai taɓa taka harabar makarantar ba. Ya gai da Malama da girmamawa. Ya ce yaro ya yi kure wuri guda: in ganyen albasa ya kwanta, ɗauke mata ruwa ake yi kwanaki kafin cira, in ba haka ba ruɓewa za ta yi a wurin ajiya, a gaya wa yara duka kada su kai wannan gida. Malama ta ɗauki alli tana rubuta maganarsa a allo, kalma bayan kalma. Can ya ce, "Saura duk daidai ne. Ashe abin da kuke yi ke nan. Ban sani ba, Malama. A bar shi nan wurinki, ni in ji da ban ruwa." Na kifa kaina a kan benci na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Yau 'yata tana aji huɗu a Jega, kuma malamarsu ta sa mu iyaye a zaure guda cikin waya. Saƙo na shigowa safe da yamma, da hotuna, da jadawali, ba abin da ke ɓoye mini. Amma sau da yawa ina kan babur ko a wurin aiki nake dangwala shi da yatsa in wuce, kamar yadda Baba ke soke takarda a rufi, shi ko ba ya iya karanta boko ne, ni fa? Kaset ɗin ya ci gaba da zagaya gidaje, aka ɗauki wasu muryoyin a kan ta Baba, ban san inda ya ƙare ba. Shekaranjiya 'yata ta aiko da karatunta ta wayar malama, na ajiye komai na zauna na saurara. Sau uku na ji shi.