Bayan La'asar a Wayar Inna Fanna

Sakinatu 'yar Malam Bunu ce, manomin gero a wani ƙauye gabas da Ɗanbatta. Daga Borno kakanninta suka zo, amma ita Kananci kawai ta tashi da shi. Babanta bai taɓa ɗaura agogo ba. In ya ce maka da hantsi, da hantsin za ka gan shi. Ya rasu tana ajin ƙarshe a Kano.

Yanzu manhaja take rubutawa a wani ƙaramin ofis a birni. Ba aikin da ake yabo ba ne. Nata ɓangaren juya lokaci ne: a ba ta shi a rubuce, ta mai da shi lamba na'ura ta ajiye, in an nema ta fito da shi. Abokan aikinta na ɗauka su saka a nasu, ba mai tuna ta sai abu ya lalace.

Da kaka ta zo, ƙungiyar manoman yankinsu ta ɗauki manhajar don raba layin injin sussuka. Saƙo ya shiga wayar mahaifiyarta, Inna Fanna: 16:00. Inna ta yi yaƙi da jahilci, tana karatu, amma ta duba agogon bango ba ta ga sha shida ba. Ta ajiye wayar tana jiran maƙwabci ya dawo daga kasuwa ya duba mata. Kafin nan inji ya zo ya wuce. Geronta na jibge a gona, awaki na kewaya shi, mai inji kuma ya ce sau ɗaya zai ƙara zagayowa.

"Ashe ke kike aikin nan?" in ji Inna a waya. "To, abinku bai iya magana ba."

Sakinatu ta sami Jamil, shugabansu, ta ce a riƙa rubuta lokacin da kalma, kamar La'asar. Ya yi dariya. "Lambar daidai take, Hajiya. Ko sallah za mu koya wa kwamfuta?"

Ta koma kujerarta ta ƙara wata hanya, lamba ta riƙa komawa kalma. Ta haɗa ta da lokutan sallah, don La'asar ɗin kaka ba ta bazara ba ce. Tana rubuta asuba, hantsi, walaha, sai ta ji su da muryar babanta daga bakin zaure, fartanya a kafaɗa.

Ranar Laraba saƙo ya sake shiga: bayan La'asar. Inna ta kira, inji na ruri a bayanta.

"Wa ya koya wa wayar nan maganar Malam?"

Kafin Sakinatu ta amsa, Inna ta ƙara da cewa:

"Yaushe za ki zo ki ci tuwon sabon gero?"

"Asabar, Inna."

"Asabar da yaushe?"

"Da hantsi."