Lahadin da Baba Ya Yi Jinyar Batir

Yayana ne ya kawo shi, a shekarun da wayar hannu ta shiga kowane gida a layinmu na Samaru amma wutar lantarki ta ƙi biyo ta. Yana aiki a Fatakwal, ya zo hutun Kirsimeti da wani baƙin abu mai girman littafin waƙoƙin coci, sai dai ya fi shi nauyi. Ya ce batir ne irin na cikin waya, mai litiyam, amma babba. Idan ya cika zai yi wa wayoyinmu caji, ya kunna ƙaramar fitila, har ya riƙe kwamfutar da nake buga wa ɗalibaina jarrabawa. Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Palladan, ina zaune a gidan iyayena.

A gaban Baba Yaya ya yi bayanin yadda ake kula da shi. Baba tsohon hedimasta ne, dattijo a cocinmu, kuma tun da ya yi ritaya yake neman wanda zai kafa wa doka.

"Da cajarsa kawai za a sa shi, ban da ta kasuwa," in ji Yaya. "A ajiye shi a kan siminti, ba kan katifa ko kushin ba. Kada a rufe shi, kada a kai shi kusa da risho ko cikin rana. In 'yar fitilar nan ta koma kore, a cire. Kuma kada a jona shi a fita a bar shi ba kowa."

"In an bar shi fa?" Baba ya tambaya.

"Yana iya ɗaukar zafi. In abin ya yi muni, ya kama da wuta."

Baba ya gyaɗa kai, ya ce a maimaita masa. Yaya ya koma Fatakwal, ya bar mu da shi.

Aka ba batirin wuri a lungun falo, gefen soket, aka naɗe ledar ƙasa daga wajen don ya zauna a kan siminti tsura. Nan rigimar ta fara, domin Mama ba ta iya ganin abu a buɗe. Talabijin ɗinmu, rediyo, keken ɗinki, har bokitin ruwan sha, kowanne da ƙyallensa na kwarashi da ta saƙa da hannunta. Kafin mako ya zagayo ta saƙa wa batirin nasa, fari mai bakin shuɗi. Baba ya ɗage shi da yatsu biyu.

"Maman yara, wannan ba amarya ba ce."

"Malam, ƙura fa? Baƙi su shigo su ga abu a ƙasa kamar an yar?"

"Su gani. Numfashi yake."

Sai kuma zancen tsaro. Yaya ya ce ne kada a fita a bar shi, amma Baba ya fahimci cewa sai an zauna a gabansa. Da zarar yaran layi sun yi ihun "sun kawo!", zai jawo kujerarsa ta katako, ya jona caja, ya zauna yana duban jar fitilar. Jefi-jefi ya ɗora bayan hannunsa a jikin batirin kamar mai duba goshin yaro. In zai zagaya, sai ya kira ni in karɓe shi.

Wani lokaci a farkon damina iska ta kayar da turakun wuta a wajen Basawa, muka daɗe a duhu. Batir ya ƙare, wayoyi suka mutu. Ranar Lahadi da safe mun gama shiri, Baba ya sa babbar rigarsa, Mama tana ɗaura kallabi, sai fanka ta motsa.

Baba ya dubi fanka, ya dubi batir, ya dubi agogo. Ya cire hula.

"Ku yi gaba."

"Malam, yau kai ne da karatun farko!"

"Akwai dattawa. In na bar wannan wutar ta wuce, wa ya san ranar dawowarta?"

Ni da Mama muka tafi coci. Bayan an tashi, Fasto ya tare mu a bakin ƙofa, ya ce lafiya bai ga Dattijo ba? Mama, da haushi har wuya, ta ce, "Jinya yake yi." Ta wuce abinta. Na buɗe baki zan gyara, ta ja hannuna.

Ba mu gama cire kayan coci ba muka ji sallama. Fasto ne, da shugabar zumuntar mata, da wasu mata kamar rabin benci, ɗauke da lemo da ayaba da fulas na kunu. Baba yana bayan gida, ya bar ni a bakin aiki. Ni kuwa na fita tarar baƙi.

Abin da ya faru a ɗan tsakanin nan, daga baya Mama ta faɗa mana. Kunya ce ta kama ta. Ta ce ba za a shigo a tarar dattijon coci ya ƙi zuwa sujada saboda wani baƙin akwati ba. Ta sunkuci batirin yadda yake a jone, ta naɗe shi da ƙyallen nan fari mai bakin shuɗi, ta tura shi ƙarƙashin kushin ɗin kujerar da ke kusa da soket, ta ja labule ya rufe igiyar.

Shugabar zumunta mace ce mai jiki, kuma wannan kujerar ta zaɓa.

Baba ya shigo garau, yana goge hannu. Aka gaisa. Fasto ya ce sun ji labari, ya mai jiki? Baba ya ɗauka ciwon gwiwarsa ake nufi, ya ce da sauƙi. Idonsa ya kai lungu, ya ga siminti wayam. Ya dube ni, na dubi Mama, Mama ta dubi lemo. Kafin ya yi magana Fasto ya ce a sunkuyar da kai. Fastonmu na lokacin ba ya gajarta addu'a. Ya fara daga marasa lafiya na gidan, ya bi ta asibitoci, ya shiga ƙasa baki ɗaya. Na saci kallo na ga Baba ido buɗe, yana leƙa ƙarƙashin tebur.

Ana cewa amin, shugabar zumunta ta gyara zama, ta sake gyarawa.

"Mama, ni ce zazzaɓi ke son kamawa, ko kujerar nan taku ce da ɗumi?"

Ban taɓa ganin Baba ya yi sauri irin na ranar ba. Ya fizge caja daga bango, ya ce wa shugabar, "Uwargida, don Allah tashi." Ya ɗaga kushin, ga batir a naɗe. Ya warware ƙyallen, ya taɓa, ya janye hannu. Da faranti ya tallafe shi, ya kai shi baranda inda ke da inuwa, ya ajiye a kan siminti, ya ce kowa ya ja baya. Muka tsaya cirko-cirko, mata da fulas a hannu, muna kallon abin da ko motsi ba ya yi.

"Dattijo," Fasto ya ce a hankali, "wai ina mara lafiyar?"

Baba ya nuna da baki. "Ga shi nan. Da safe dai lafiyarsa ƙalau."

Shugabar zumunta ce ta fara fashewa da dariya, tana dafe da bayanta, sauran suka bi. Mama kaɗai ba ta yi ba. Ta koma falo ta ɗora tafinta inda batirin ya kwanta, ta ji yadda soson ya ɗau zafi, ta daɗe a tsaye. Aka sha kunun tare da waɗanda suka kawo shi. Fasto, kafin ya tafi, ya ce wa Baba mako mai zuwa ko an kawo wuta, ya bar batirin a cire ya zo coci, ba wanda ya taɓa mutuwa don wayarsa ta mutu.

Batirin ya huce. Baba ya juya shi ta kowane gefe, bai kumbura ba, ba ya wari. Duk da haka bai sake jona shi ba sai da ya nemo waya a maƙwabta ya kira Yaya, wanda ya yi ta dariya har layin ya yanke.

Ya yi mana aiki 'yan shekaru. Da ya tsufa, cikinsa ya fara tasowa, ya daina riƙe caji, Baba ya ce aikinsa ya ƙare. A bolar layinmu ana cinna wa shara wuta, don haka ya hana a jefa shi can. Ya sa yashi a tsohuwar tukunya, ya kwantar da shi, muka shiga motar Sabon Gari za mu kai wa wani mai gyaran kwamfuta da ke karɓar matattun batira. Tukunyar tana kan cinyarsa. Wata 'yar kudu mai kayan gwari da ke gefensa ta yi ta kallonta, ta kasa haƙuri, ta tambaye shi da Hausarta ta kasuwa ko abinci ne zai kai asibiti. Baba ya buɗe mata murfin, ya fara bayani tun daga kan caja. Matar ta sauka kafin tasharta.