Mai Rumbu da Tsarin da Ya Ƙi Zaɓa

Haihuwarsa

An haifi marigayi, wanda abokan aiki suka fi sani da laƙabin Mai Rumbu, a shekarar 1958, a wani gari da ke bakin layin dogo, cikin gidan haya mai ɗaki biyu a bayan kasuwa. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuma ɗinki take yi a gida, shi ne ɗansu na uku. A wajen mahaifin ya gaji haƙurin zama da ƙananan abubuwa, ya kuma gaji wani hali da ya bi shi har kabari, wato tsoron a ce ya yi son kai. An ce tsohon idan agogon ɗan'uwansa ya shigo shago, sai ya ajiye shi gefe har ya gama na baƙi.

Karatunsa

Ya shiga firamare a 1965, sakandare a 1972, sannan kwalejin fasaha a 1977, inda ya karanci lissafi da ƙididdiga. A can ya fara ganin kwamfuta, ta bayan gilashi, domin a wancan zamani ba a barin ɗalibi ya kusance ta, balle ya taɓa.

Aikinsa

A 1981 wani kamfanin rarraba magunguna ya ɗauke shi akawun sito. Da kamfanin ya sayo kwamfuta a 1988, ta yi wata da watanni lulluɓe da ƙyalle a ofishin manaja, kowa na gaishe ta daga nesa, har marigayi ya nemi izini ya ɗauki littafin da ta zo da shi, ya zauna ya koya wa kansa. A kanta ya gina ma'ajiyar bayanan da ke riƙe da labarin kowane kwalin magani: ranar da ya shigo, reshen da ya tafi, da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Shi ya sa mata suna Rumbu, daga nan laƙabin ya bi shi. Baƙin allo ne da koren rubutu, ba ado ba kwalliya, rassan kamfani kuma direbobi ke kawo bayanansu a faifai, wani lokaci faifan ya iso a lanƙwashe saboda an manta shi a gaban mota cikin rana.

Aurensa da 'Ya'yansa

Ya auri wata malamar firamare a 1983, Allah Ya ba su 'ya'ya biyar. Babbarsu, wadda aka haifa a 1985, a kan cinyarsa ta koyi danna madannai a ranakun da ba makaranta. Ta karanci ilimin kwamfuta a jami'a, ta nemi aiki a kamfanin ba tare da ta gaya masa ba, aka ɗauke ta a 2008 bayan ya janye jikinsa daga masu tantancewa. 'Yan ofis suka raɗa mata Kwafi, wato kwafin mahaifinta, don har yadda take tura tabarau da yatsa irin nasa ne. A mota ɗaya suke fita da safe, amma a mahaɗar titi yake sauke ta ta ƙarasa a ƙafa, kada a gan su tare. A gida Baba ne, a ofis Yallaɓai, shi kuwa Malama yake ce mata kamar yau ya fara ganinta.

Zaɓen Shekarar 2011

Da rassa suka yawaita, hukumar kamfani ta yanke a ɗora Rumbu a kan fasahar yanar gizo, yadda kowane reshe zai buɗe burauza, wato manhajar shiga yanar gizo, ya ga kayan sito nan take. Aka kafa kwamitin mutum uku, marigayi da babban akanta da shugaban sito. Marigayi ya nemi a cire shi, manaja ya ƙi, tunda babu wanda ya san cikin Rumbu kamarsa.

Tsari biyu aka gabatar. Na farko na wasu 'yan kwangila ne, mai launuka da zane masu motsi, sai dai ba ya aiki sai an ɗora wa kowace burauza wata ƙaramar manhaja mallakar kamfani guda a ƙasar waje. Na biyu na Kwafi ne: a tsabtace tsoffin bayanai, a gina shafukan da harsunan yanar gizo na gama-gari waɗanda ba mallakar kowa ba ne, waɗanda kowace burauza ke karantawa, har ta wayar hannu. Shafukanta farare ne fes, akanta ya ce sun yi kama da takardar asibiti.

A zaman ƙarshe ta miƙe ta ce, "Yallaɓai, ranar da masu wannan manhaja suka daina yin ta, ina za mu sa kanmu?"

Ya ce, "Malama, mun ji. Zauna."

Akanta ya zaɓi na 'yan kwangila, shugaban sito ya zaɓi nata, marigayi ya bi bayan akanta. A bakin matakala shugaban sito ya tare shi ya ce, "Haba Mai Rumbu, kai ma ka san na yarinyar nan ya fi."

Ya ce, "Na sani. Amma 'yata ce."

A ganinsa adalci ya yi, alhali haƙƙin 'yarsa da maslahar kamfani ya bayar don ya tsare sunansa daga bakin mutane, mutanen da ko mako ba su yi ba suka manta da zancen. Ita ba ta manta ba. A 2012 ta ajiye aiki, ta tattara nata-ya-nata ta tafi ƙasar waje. Ba su daina gaisawa a waya ba, ana tambayar lafiya da jikoki, amma maganar aiki ba ta sake shiga tsakaninsu ba.

Shekarunsa na Ƙarshe

A 2017 masu manhajar suka sanar sun daina ta, sababbin burauza kuma suka ƙi buɗe ta. Kamfani ya koma lallaɓa tsoffin kwamfutoci, kowacce da takarda manne a goshinta, an rubuta kada a sabunta. Duk reshen da tasa ta mutu ya koma aiko da bayani ta hannun direba. A 2018 wa'adin maganin yara mai yawa ya ƙare a ɗakin sanyi na wani reshe ba wanda ya gani, aka kwashe aka ƙone, a shekarar kuma marigayi ya yi ritaya cikin baƙin ciki.

Uwargidansa ta sha ce masa, "Malam, ɗauki waya ka gaya wa 'yarka gaskiya mana, ai ba za ta cinye ka ba." Amsarsa kullum ɗaya ce: "Wannan ba maganar waya ba ce. Bari ta zo, ido da ido." Ta zo hutu sau biyu, ya tarbe ta a filin jirgi, ya raka ta filin jirgi, bakin bai buɗu ba.

A 2021 kamfanin ya nemi Kwafi ta sake gina tsarin daga inda take, ta karɓa, ta kuma yi shi bisa shawararta ta farko. Aka sa watan Maris na 2022 don ƙaddamarwa, ta ce za ta zo. A watan Fabrairu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da marigayi a asibiti. Tsohon shugaban sito ya je dubiya, ya miƙa masa waya ɗauke da shafin gwaji da 'yan ofis suka turo masa. Marigayi ya daɗe yana jan farin shafin da babban yatsan hannunsa mai lafiya, yana bin kwali-kwali, sannan ya juya ga uwargida ya ce, "Ki kira Kwafi ta zo yanzu, kada ta jira Maris. Nata ya fi, tun ranar na sani. Amma kada ki faɗa mata, ni zan faɗa."

Rasuwarsa

Allah Ya yi masa rasuwa da safiyar wata Talata a ƙarshen Fabrairun 2022, yana da shekara sittin da uku, a lokacin jirgin 'yarsa yana sama. Aka yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a makabartar unguwarsu, kusa da mahaifinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: malamin sakandare, da ma'aikaciyar jinya, da mai sayar da kayan gini, da autansu ɗalibin jami'a, sai babbarsu, injiniyar manhaja, wadda ta iso da jakarta bayan an dawo daga makabarta, ta ji maganar daga bakin mahaifiyarta. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, ita kuma Ya ba ta haƙuri.