Ruwan Inna Hajara a kan takalmin baƙo

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake.

Jiya na ɗauki wani baƙo a kabu-kabuna, nan Tasawa. Daga ƙasar waje ya zo shi kaɗai, yana yawon ganin gari, aikinsa kuma duk a kwamfuta yake yi. Babu kuran, wato wutar lantarki, kun dai san halin da muke ciki tun juyin mulki. Sai na kai shi ya yi caji gidan Inna Hajara, ƙanwar mahaifiyata, tunda tana da sola.

Inna ta ɗebo mashi ruwan randa a kwanon sha. Ruwan da sai da ta yi layi tun asuba a famfo ta samu, cikin wannan fari.

Ya yi murmushi, ya kwarara shi a kan takalmansa ya wanke. Sannan ya zaro gorarsa ya sha.

Na miƙe zan yi magana, Inna ta riƙe mani riga.

"Ƙyale shi, ɗana. Tambaye shi ko a ƙaro."

"Inna, a ƙaro me? Ruwan randar fa ya kai ƙasa!"

"Baƙo ne," ta ce.

Ni dai ban fassara mashi ba. Jama'a, da ku ne, za ku fassara?