Kujerar Baya a Ajin Lissafi

Yayana mai facin taya ne a bakin titi, kuma har gobe ban yafe wa malamin lissafinsu na sakandare ba. Mutumin nan bisa maki yake zaunar da ɗalibai: masu ƙoƙari a gaba, sauran a baya. Yaya ya faɗi gwajin farko, aka tura shi jikin bango, inda yake ganin allo dishi-dishi. Bai yi ƙorafi ba, ya ɗauka haka kowa ke gani. Da ya faɗi jarabawar ƙarshe, Baba ya kira shi daƙiƙi, ya kai shi koyon faci.

Bara, bayan Yaya ya yi furfura, likita ya ba shi tabarau. Ya daɗe yana kallon kalandar bango, sannan ya juyo gare ni.

"Ƙanwata, dama haka kuke ganin lambobi?"