Rikodar da Ta Rufe Bakin Yayana

Shekarun baya can, lokacin da aka sauke tutar Bature aka ɗaga tamu, ko rinin sabuwar bai fara koɗewa ba, ina saurayi ina koyon ɗinki a unguwar Zogbeli cikin garin Tamale. Jikata ce ke buga muku wannan a waya ina faɗa mata, kuma tun kafin mu fara ta ce in yi a hankali saboda hawan jini. Ba zan yi a hankali ba. Abin ya wuce tun ba a haifi uwarta ba, amma duk ranar da na tuna sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Mu ba gidan makaɗa ba ne. Mahaifiyata koko da ƙosai take sayarwa a bakin hanya, yayana kuma kafinta ne, rumfarsa na ƙofar gidanmu. Amma Allah ya ba yayana murya. Ba ya waƙa a biki, ba ya yi wa kowa kirari, shi dai idan yana goge katako sai ka ji waƙa na fitowa, mai kauri, mai faɗi, ba tare da ya ɗaga wuya ba. Mata masu zuwa ɗiban ruwa sukan rage sauri idan sun zo daidai rumfarsa. Ni kuwa molo nake ɗan taɓawa, kuma a lokacin na ɗauka duk Tamale babu kamata. Ban san haƙuri ake yi da ni ba.

Ina da wani abokina, akawu ne a wani kanti a cikin gari, yana da jita, yana son kiɗan mutanen kudu. Ya je Kumasi ya dawo da rikoda, injin ɗaukar murya. Ɗan akwati ne mai faifai biyu masu juyawa a sama, tef na naɗewa daga ɗaya zuwa ɗaya, da batir yake aiki. Ku yaran yanzu da kuke ɗaukar muryarku a waya kuna gogewa ba za ku gane ba. Mu ba wanda ya taɓa jin muryar kansa daga waje. Ranar da na fara jin tawa sai da na waiga in ga wa ke kwaikwayona.

Sai muka mai da ɗakinsa wurin haɗuwa duk Lahadi bayan azahar: shi, da ni, da wani abokinmu ɗan ƙabilar Dagomba mai kiɗan goge, da yayana wanda ni na ja shi ya zo. Mai injin ne ya kafa doka, mu kuma muka bi, don wa ya san injin in ba shi ba? Ya ce ba a sauraron waƙa ranar da aka ɗauke ta, sai ta kwana mako ta huce. Saboda haka da mun zauna sai ya sa sabon batir, a saurari na makon jiya, kowa ya faɗi gaskiyarsa ba kara. In an gama sai a ɗauki sababbi. Shi ne na farko, wai don ya gwada injin. Sai mai goge, sai ni. Yayana ne na ƙarshe kullum.

"Babba shi ke rufe taro," in ji abokina. "Ba za mu sa Yaya ya yi waƙa kafin yara ba."

Wallahi har daɗi na ji. Na ce a raina, ga yaro mai tarbiyya.

Sauraron nan yana da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Mai goge ba ya ɓoye magana, ga Hausarsa ta kasuwa, kowa a wurinsa "Massa" ne, wato maigida. Ya taɓa ce mini, "Massa, molonka ya tafi Kumasi, kai kana tasha kana jira." Abokina kuma ya ce in riƙa cin tuwo kafin in zo, don muryata na fitowa siririya kamar ta mai azumi. Ni ma na ce wa mai goge ya daina tari a tsakiyar kiɗa, ba asibiti muke ba. A yi dariya, a gyara, mako mai zuwa ka ji an ɗan samu ci gaba. Waƙar mai injin kuwa kullum tsaf take fitowa, ba abin cewa.

Amma ta yayana fa? Ranar farko da aka saka, ban gane ta ba. Wata 'yar murya ce ta fito, tsiririya, tana sauri tana rawa, kamar ɗan akuya da aka ɗaure uwarsa. Sai abokina ya fashe da dariya har yana dukan cinya, mai goge ya bi shi. Samarin unguwa da suke leƙe ta taga su ma suka kama. Yayana yana zaune a kan benci, hannunsa a gwiwa, yana kallon injin.

"Ni ne wannan?" ya ce.

"Kai ne, Yaya," in ji abokina yana share hawaye. "Kowa haka yake ji da farko. Abin da kake ji a kanka daban, abin da ke fita daban."

Na ce ƙarya ne, ni kullum nake jin muryar nan a ƙofar gida, ba haka take ba. Sai abokina ya kalle ni irin kallon ɗan boko, ya ce, "Kai ƙaninsa ne, kunnenka na da kara. Inji kuwa ba shi da wa, ba shi da ƙane. Abin da aka ba shi, shi yake mayarwa." A zamanin nan kuwa inji ba ya ƙarya a wurinmu. Sabuwar ƙasa, kowa na maganar injuna da ci gaba, wane ne ɗan koyon ɗinki da zai yi musu da abin da aka ƙera a Turai? Tawa ma ai ta ɗan sirance a tef ɗin. Sai na bar musun ina cin raina.

Daga nan aka fara ba yayana shawara. A nan ne abin ke ƙona ni. Abokina ya ce ya bar shan ruwan randa mai sanyi, ya bari. Ya ce ya riƙa lasar zuma da citta da safe, ya yi. Ya ce man ƙosai na toshe maƙogwaro, mutumin nan ya daina cin ƙosan mahaifiyarsa. Ya ce ya sauke murya ƙasa, ya sauke har sai da jijiyar wuyansa ta fito. Babban mutum, mai gemu, yana gaban yaro yana gyaɗa kai yana cewa, "To, zan gwada." Mako ya zagayo, a saka, ɗan akuyan nan ya sake fitowa. 'Yan taga suka ƙaru, ba don kiɗa ba, don dariya. Har yaran unguwa suka fara matse hanci suna kwaikwayonsa idan sun wuce rumfa.

Wata Lahadi yana cikin waƙarsa aka kira la'asar, ya tsaya kamar yadda ake yi, ya tashi ya tafi masallaci. Mako na gaba ya zo ya saurara, ya ji dariyar, ya ɗauki hularsa ya ce, "To, na gode muku. Da ban ji ba, da na mutu ina damun mutane." Ya fita. Bai sake zuwa ba.

Rumfa ta yi shiru. Sai ƙarar zarto da guduma. Mahaifiyata ta yi kwanaki tana lura, sannan wata safiya ta tare ni ina shan koko ta ce, "Kai, me kuka yi wa ɗana?" Na kwashe komai na faɗa mata. Ta ce ranar Lahadi in kai ta ta ji wannan akwati da ya fi ta sanin abin da ta haifa.

Na kai ta. Ta ƙi shiga ɗakin samari, aka ba ta kujera a bakin ƙofa. Abokina ya durƙusa ya gaishe ta, "Mma, sannu da zuwa," yana ta kame-kame, wai tef ɗin ya yi nisa. Mai goge ya ce, "Yana nan mana, ba shi muna saka kullum ba?" Ashe bayan tafiyar yayana abokina ajiye tef ɗin ya yi, yana saka wa baƙi su sha dariya.

Aka saka. Gaban Mma ba wanda ya isa ya yi dariya, saboda haka a karon farko muka ji tef ɗin har ƙarshe. Da can dariya ke rufe ƙarshen, abokina kuma ya yi maza ya kashe. Wannan karon waƙar ta tsaya, sai ga kiran sallah daga nesa ya shiga tef ɗin kafin a kashe injin ranar.

Mma ta ɗaga hannu. "Mai da shi baya."

Abokina ya mayar. Ta sake ji.

"Wane yaro ne ya kira sallah ran nan?"

Muka kalli juna. Ladanin unguwarmu tsoho ne, muryarsa kamar ta bijimi, in ya kira asuba har unguwar Gumbihini ana cewa an ji. Tun ina yaro shi ke kira, ba ya ba kowa. Amma a cikin akwatin nan, muryar ɗan yaye ce ke kiran sallah, tana sauri tana rawa.

"To," in ji Mma, "ko shi ma ƙosaina ne ya toshe shi?"

A nan kaina ya buɗe. Batir! Sabo ake sawa, a cinye ƙarfinsa da sauraro, mai inji ya ɗauki tasa da sauran ƙarfin, kafin a zo kan yayana batir ya mutu saura kaɗan, tef na jan ciki. Mako na gaba a saka shi da sabon batir, ya ruga a guje, murya ta tsuke. Ni da na ga yadda keken ɗinki ke canza kuka in ƙafa ta gaji, ban taɓa kawo wannan ba. Wauta dai na da ita, ba na musu.

Mai goge ya juya ya kalli abokina ya ce, "Massa, kai ya sani?"

Da ya ce bai sani ba, wallahi da na yarda, da yau ba na ba ku wannan labari. Amma sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wasa ne fa." Sannan ya ɗaga murya. "Injina ne, ɗakina ne, ni ke kawo batir. Da na bar shi ya fito yadda yake, wa zai saurari tawa? Kullum shi, shi, shi!"

Ban san lokacin da na suri jitarsa ba, na ɗaga zan raba ta biyu a kansa. Ni da ko buhun masara ba na iya ɗagawa a lokacin. Mma ta daka mini tsawa ta ce in ajiye, ba a gabanta ba. Ta tashi ta gyara mayafi, ta kalli abokina ta ce, "Na ba ka koko a gidana tun kana tsirara. Allah ya isa tsakaninka da yaron nan." Ta juya ta tafi.

Ni kuwa da gudu na isa rumfa. Na tarar da yayana yana goge ƙofar wani. Ina haki na ce, "Yaya, ƙarya ce! Batir ne! Muryarka lafiya lau, har ladan ma haka ya fito. Zo mu je yanzu a sa sabo, kai ne na farko, kowa ya ji!"

Ya saurare ni har na gama. Ya hure ƙurar katako, ya shafa ƙofar da tafinsa.

"Na ji, injin ya yi ƙarya," ya ce. "Dariyar fa? Ita ma batir ne? Mutanen nan shekara da shekaru suna jin muryata da kunnensu. Akwati ya yi magana sau ɗaya, duk suka bi akwati."

Na roƙe shi. Mai goge ya zo har gida ya durƙusa ya ba shi haƙuri, ya ce ya yafe. Mma ta yi magana, ya ce to. Amma bai koma ba, kuma bai sake buɗe baki da waƙa ba, ko a rumfa. Haɗuwar Lahadi ta watse. Daga baya ya yi aure ya koma unguwar Nyohini, ya zama mutum mai shiru, mai kirki, wanda ake kira in ana son ƙofa mai kyau.

Abokin nan nawa mun tsufa a gari ɗaya. Mukan haɗu a jana'iza, ya miƙo hannu in karɓa saboda Musulunci, amma ban sake kiransa abokina ba sai a wannan labari, don ba ni da wani sunan da jikata za ta yarda ta rubuta. Malamai sun yi mini wa'azi a kan riƙo, na ji, ina kuma roƙon Allah ya sassauta mini. Har yanzu dai bai sauka ba. Shi ya sa in na ga yara sun tura wa junansu waƙa a waya suna cewa a faɗi gaskiya, nakan ce musu su duba bakin da gaskiyar za ta fito tukuna. Wanda ya zage ka kai tsaye ya fi mini wanda zai zaunar da kai yana ba ka shawarar zuma da citta alhali ya san lafiyarka ƙalau.

Ranar sadakar bakwai ta yayana, muna zaune da 'ya'yansa a tsakar gida ana ta faɗin alherinsa. Wannan ya ce haƙuri, wancan ya ce riƙon amana. Ni kuma na ce, "Ubanku fa, duk Zogbeli ba wanda ya kai shi murya."

Babbar 'yarsa, mace mai jikoki, ta ɗago da jajayen idanu, har ta ɗan yi murmushi, ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni.

"Baba Ƙarami, wane uban namu?" ta ce. "Baba ai bai iya waƙa ba. Ko ta rarrashin yaro ba mu taɓa ji a bakinsa ba."